Ajiye Aiki A Saudiyya: Takarda Tukuna, Sannan Tafiya

A gida, yaron shago kan ɗauki 'yan komatsansa ya tafi in ya gaji, daga baya a aiko dattijo ya ba da haƙuri. A Saudiyya ba haka abin yake ba. Ma'aikacin da ya wuce kwana 15 a jere bai leƙa wurin aiki ba babu uzuri, doka ta ba kamfani damar korarsa ba tare da kuɗin sallama ba, bayan gargaɗi a rubuce. Daga nan sai batun hurub (rahoton gudu daga aiki), sai matsalar igama (takardar izinin zama), wani lokaci har tarhil (mayar da mutum ƙasarsu).

Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ce kwantiragin baƙo rubutacce ne, mai wa'adi. Wanda ya katse shi ba da halastaccen dalili ba, ana iya bin sa diyyar albashin watannin da suka rage, sai fa in kwantiragin ya yanka wani adadi. Shi ya sa karanta takardar da ka sa wa hannu a manhajar Qiwa ya fi sauraron shawarar 'yan majalisa.

Gyaran dokar da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ya fayyace hanya. Ka rubuta takardar ajiye aiki, ba sharaɗi a ciki. In kwana 30 suka wuce kamfani bai ce uffan ba, ta karɓu. Yana iya jinkirta amsa har kwana 60, amma sai ya kawo dalili a rubuce. Kai ma kana da kwana 7 ka janye, muddin ba a riga an amince ba. Duk tsawon wannan jira kwantiragi na nan daram, dole ka ci gaba da zuwa aiki. Nan ne da yawa ke faɗawa rami, domin zuciya ta riga ta tafi.

Kuɗin sallama ma da lissafinsa ga wanda ya ajiye aiki: kashi ɗaya bisa uku bayan shekara 2, biyu bisa uku bayan 5, cikakke a shekara 10.

In kamfani ne ya karya alkawari, kamar riƙe albashi ko duka, sashe na 81 na dokar ya yarda ka tafi ba sanarwa, haƙƙinka bai faɗi ba. Amma kotu hujja take so.

Masu aikatau a gidaje da direbobin gida ba sa cikin wannan doka, nasu tsarin daban ne, ta manhajar Musaned. 'Yar'uwa, kada ki ɗauki lissafin ma'aikacin kamfani ki yi aiki da shi. Nemi ofishin ƙwadago ko ƙaramin ofishin jakadancinmu a Jidda kafin ki bar gidan.