Kalma Ɗaya, Fassara Biyu: Ishaya 7:14 a Fahimtar Kirista

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda Kirista suka fahimci annabcin zuwan Almasihu a littattafan Ibrananci, waɗanda suke kira Tsohon Alkawari. Za mu ɗauki aya guda, watau Ishaya 7:14, domin a cikinta ne aikin mai fassara da na mai tafsiri suka cuɗe har ba a iya raba su.

Kalmar Almasihu ta shigo Hausa daga Larabci, asalinta kuwa shi ne mashiyah na Ibrananci, watau wanda aka shafa wa mai. Da haka ake naɗa sarki ko babban firist a Isra'ila ta dā, har ma Ishaya 45:1 ya kira Sairus, sarkin Farisa, da wannan laƙabi. Daga baya ne kalmar ta keɓanta ga mai ceto da ake jira daga zuriyar Dawuda. A Girkanci aka fassara ta da kiristos, inda aka sami sunan Kirista.

2.0 Ayar a Zamaninta

Wajen shekara ta 734 kafin Miladiyya, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai suka tasam ma Ahaz sarkin Yahuza. Ishaya ya ba Ahaz alama: wata mace za ta haifi ɗa mai suna Immanuwel, ma'anarsa Allah yana tare da mu, kuma kafin yaron ya yi wayo ƙasashen sarakunan nan biyu za su zama kufai. Assuriyawa suka ci Dimashƙu a 732, Samariya kuma wajen 722. Saboda haka malaman Yahudawa suka ɗauki yaron ɗan zamanin Ahaz ne.

Kalmar da aka kira macen da ita ita ce alma, watau yarinyar da ta isa aure. Akwai kuma betula, wadda aka fi amfani da ita ga wadda ba ta san namiji ba. Kundin Ishaya da aka gano a kogon Kumran a 1947, wanda aka rubuta tun kafin haihuwar Yesu, alma ce a cikinsa. Ke nan gardamar ba ta shafi ingancin nassin ba, ta ma'ana ce.

3.0 Daga Ibrananci Zuwa Girkanci

Yahudawan Iskandariya sun fara mai da littattafansu Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, aikin da ake kira Fassarar Saba'in. A wannan aya suka sa fartenos, wadda galibi take nufin mace mai budurci. Ita ce Matiyu 1:22-23 ya ɗauko, ya ce ayar ta cika da Maryamu ta haifi Yesu.

Wajen shekara ta 160 Miladiyya, Jastin Shahidi ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude mai suna Tirifo, wanda ya ce yarinya kawai ake nufi, ɗan kuwa Hezekiya ne. Jastin ya amsa da cewa haihuwar da aka saba gani kullum ba ta isa zama alama ba. Masu fassarar da suka biyo baya, Akila da Simmakus da Tiyodoshiyon, duk neyanis suka sa, watau yarinya. Jerom kuwa, a fassararsa ta Latin, ya bi ma'anar budurci.

Amma fa iyakar kalmomin ba a shate take sarai ba. A Farawa 24 an kira Rifkatu betula, an kuma kira ta alma. A Farawa 34:3 kuwa Fassarar Saba'in ta kira Dinatu fartenos bayan an ɓata ta.

4.0 Hanyar Karatun Kirista

Kuskure ne a zaci fahimtar Kirista ta rataya a kan ƙamus kaɗai. A wurinsu, abin da Allah ya yi a dā samfuri ne na abin da zai kammala ga Almasihu. Alal misali, Yusha'u 11:1 zancen fitowar Isra'ilawa daga Masar yake yi, amma Matiyu 2:15 ya ɗora shi a kan komowar Yesu daga can. Bisa ga wannan hanya, malaman Kirista da yawa suna ganin alamar ta tabbata a kusa, a kwanakin Ahaz, sannan ta cika ga Yesu. Wasunsu kuwa sun tsaya a kan cewa Yesu kaɗai Ishaya ya nufa tun farko.

Nauyin al'amarin ya bayyana a Amurka a 1952, sa'ad da fassarar Ingilishi mai suna Revised Standard Version ta sa abin da yake daidai da yarinya. Har wani fasto a jihar Karolina ta Arewa ya ƙone shafin a bainar jama'a.

5.0 Kammalawa

Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne, kalmar budurwa tana ɗauke da fuskokin nan biyu: yarinyar da ta isa aure, da kuma wadda ake kyautata mata zaton budurci. Mai fassarar da ya zaɓe ta ya bar ƙofa a buɗe ga karatun Matiyu; wanda ya zaɓi yarinya kuwa ya tsai da mai karatu a fadar Ahaz. Ko wanne ya ɗauka, ya riga ya yi tafsiri, ya kamata kuma ya sanar da mai karatu dalilinsa.