Naƙasassu a Briketeri: Haƙƙinsu Bai Tsaya Ga Sadaka Ba

Duk ranar Juma'a, ƙofar babban masallacin Briketeri a Yawunde kan cika da makafi da guragu masu jiran sadaka. Mutanen unguwar ba su da rowa. Tela da mai tsire da ɗan kasuwa kowa na miƙa abin da ya sawwaƙa. To amma mu tambayi kanmu: nawa ne cikin masu jiran sadakar aka zaunar a gaban malam aka koya musu alwala da Fatiha?

Musulunci ya riga ya raba gardama. Surar Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi wurin Manzon Allah (SAW). Daga baya ya zama ladani tare da Bilal, har akan bar masa limancin Madina. Imam Shaɗibi, wanda mahaddata ke dogara da shi a ilimin ƙira'a, makaho ne.

Kowace lalura da hanyarta. Makaho ba ya ganin allo da tawada, amma kunnensa ya ishe shi hadda, ga kuma Alƙur'ani na rubutun makafi da ake karantawa da yatsa. Gurgu sau da yawa matakala da wurin alwala mai santsi ne ke hana shi shiga. Kurma ne ya fi kowa cutuwa: yana cikin sahu, liman na huɗuba, shi kuwa ko kalma ɗaya bai samu ba. Sai da mai fassara da maganar hannu. Naƙasassu ne kuma suka fi buƙatar sanin rangwamen shari'a, kamar taimama da salla a zaune.

A Yawunde akwai ESEDA mai koyar da kurame da CJARC mai horar da makafi. Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ma ta tabbatar wa naƙasassu haƙƙin ilimi. Me zai hana makarantun Islamiyya na Briketeri da Tsinga su tura malamansu su koyo maganar hannu da rubutun makafi?

Iyaye, ku daina ɓoye 'ya'yanku a ɗaki ko tura su bara. Kwamitocin masallatai, ku gyara mashiga, ku ware wa karatunsu kaso daga abin da ake tarawa. Neman ilimi farilla ne a kansu kamar yadda yake a kanmu.