Rubutun da ke Jikin Fulogi

Idan fulogin tsohuwar mota ya mutu, yawancin masu mota sukan ɗauke shi zuwa kanti su nemi mai kama da shi. Amma kama da wane ba ta wane ba ce. Abin da ke bambanta fulogi da ɗan'uwansa yana cikin haruffa da lambobin da aka buga a jikinsa.

A ɗauki fulogin kamfanin NGK na Japan mai lamba BP6ES. Harafin B yana nuna cewa kaurin sashen da ake murɗawa cikin inji milimita 14 ne. P na nufin bakin farin tangaran ɗin ya ɗan miƙo waje. E kuwa tsawon wannan sashe ne, milimita 19. Da H aka rubuta, da 12.7 ke nan, irin na tsohuwar Volkswagen Beetle. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin dogon fulogi a gurbin gajere yana iya taɓa fistan ya lalata inji.

Lambar tsakiya ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Wasu na zaton ƙarfin tartsatsi take aunawa, alhali kuwa saurin da fulogi ke zubar da zafinsa take nunawa. Bakin fulogi na bukatar zafin kimanin digiri 450 a ma'aunin Salshiyas kafin ya ƙone baƙin hayaƙin da ke taruwa a kansa. In bai kai haka ba, sai ya toshe, mota ta riƙa gardamar tashi. In ya haura digiri 800, yana iya kunna fetur tun kafin tartsatsi ya fito, har fistan ya huje. Fulogi "mai zafi" yana riƙe zafi, "mai sanyi" yana saurin sallama shi ga inji.

Tarkon yana nan: kamfanoni ba su haɗu a kan ƙidaya ɗaya ba. A wurin NGK, ƙaruwar lamba ƙaruwar sanyi ce. A wurin Bosch da Champion, akasin haka ne. Shi ya sa BP6ES ya yi daidai da W7DC na Bosch da N9YC na Champion, ko da yake 6 da 7 da 9 ba ɗaya ba ne. Mai canza kamfani sai ya nemi jadawalin daidaito a wurin dillali, ko ya duba littafin motar, maimakon ya dogara da tsohon fulogin, wanda wataƙila tun farko wani ne ya sa shi bisa kuskure.