Tawadar da ake buga naman jiki da ita: daga ina ake samo ta?

Duk matar da ta taɓa dafa farfesun ƙafar saniya ta san yadda romon yake daskarewa idan ya kwana. Abin da ke daskarar da shi ana kiransa jelatin, yana fitowa ne daga kolajin, sinadarin da ke riƙe fata da jijiya da ƙashi. Wannan abu na cikin tukunyarmu yana daga cikin abubuwan da masana ke haɗa wata irin tawada da su, wadda ake buga naman jiki da ita.

Ga yadda abin yake. Ana ɗebo ƙwayoyin halitta daga jikin majiyyaci, a raine su har su yawaita, sannan a gauraya su da wani abu mai kauri kamar kamu. Injin da kwamfuta ke sarrafawa sai ya riƙa zuba wannan haɗi hawa bisa hawa, har siffar da ake so ta fito. Wahalar tana ga tawadar: in ta yi ruwa ginin ya rushe, in ta yi kauri ƙwayoyin su mutu wajen matso su. Shi ya sa ake neman abin da jiki ya saba da shi.

A shekarar 2015 masana a Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin suka haɗa aljinet, wanda ake tatsa daga ciyawar teku, da zaren selulos da aka niƙa ƙwarai, suka buga siffar kunne. Selulos ɗin nan shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na audugar da manomanmu na Borgou da Donga ke kai wa kamfanonin gurza, kodayake masanan daga itace suka samo nasu. A 2018 Jami'ar Newcastle ta Ingila ta buga tantanin gaban ido da aljinet da kolajin. A 2022 kuma, a Amurka, aka dasa wa wata budurwa 'yar shekara 20 kunnen da kamfanin 3DBio Therapeutics ya buga da ƙwayoyin guringuntsinta. Zuciya da ƙoda dai har yanzu ba a buga wadda za ta yi aiki a jikin mutum ba, don kada mai jinyar ƙoda ya sa rai da wuri.

To, ina abin ya shafe mu? Kaso mai yawa na jelatin da ake sayarwa a duniya daga fatar alade ake yin sa. A 2022 masana daga Jami'ar Linköping suka ba da rahoton dasa tantanin ido na kolajin fatar alade, wanda ba bugawa aka yi ba, ga mutum 20 a Indiya da Iran. 14 daga cikinsu makafi ne, kuma suka samu gani. Wa zai raina irin wannan ni'ima? Amma tambayar tsarki tana nan.

Malamai sun daɗe da tattauna ta. Taron fuƙaha'u da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin ya rikiɗe daga asalinsa, abin da ake kira istihala, don haka ya tsarkaka. Wasu majalisun fatawa ba su gamsu cewa rikiɗewar ta cika ba, sai dai sun yi rangwame ga lalurar magani idan babu madadi. A ganinmu maganar madadin ita ce ta fi cancantar a sa mata ido, domin ana samun kolajin daga fatar kifi da ta saniya, aljinet da selulos kuwa tsirrai ne zalla. Kafin wannan fasaha ta iso asibitocin Parakou da Djougou, ya kamata ɗalibanmu da ke karatun likita a Jami'ar Parakou su zauna da malaman Zongo su bayyana musu yadda ake haɗa tawadar, domin majiyyaci ya san abin da zai tambaya kafin ya sa hannu a takardar tiyata.