Tsaron Intanet da Kare Bayanai a Ƙananan Sana'o'i

Harkar ƙaramin ɗan kasuwa a yau ta tattaru a cikin wayarsa. Da ita yake karɓar kuɗin ciniki, a cikinta yake ajiye lambobin abokan hulɗa da lissafin bashi. A Najeriya lamarin ya ƙara ƙarfi a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da hatta mai shayi ya koma karɓar tiransifa. Inda kuɗi suka koma kuwa, can ɓarayi ke nufa.

Mafi yawan wannan sata ta hanyar yaudara ake yin ta. Ɗan damfara kan bugo waya da sunan ma'aikacin banki, ya ce za a rufe asusu in ba a gyara BVN ba, sannan ya nemi a karanta masa lambar sirrin da ta shigo ta saƙo. Da zarar an karanta, an miƙa masa mabuɗin asusu. Babu bankin da ke tambayar wannan lamba ko PIN ta waya. Haka ake ƙwace WhatsApp da lambobi shida na rajista, a shiga roƙon abokan ciniki kuɗi da sunan mai shago. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu yana toshe wannan ƙofa. Akwai kuma alat na bogi, wanda ya addabi 'yan kasuwa da masu POS. Saƙo ko hoton rasit ba shaida ba ne, sai an duba manhajar banki an ga kuɗi sun zauna kafin kaya su fita. Wanda layinsa ya ɗauke haka kawai, ko wayarsa ta ɓace, bankinsa ya kamata ya fara sanarwa, domin mai riƙe da layi yana iya kwashe kuɗi ta USSD.

Masu aiki da kwamfuta suna da ƙarin barazana, wato manhajar da ke kulle bayanai sai an biya fansa. A watan Mayun 2017 irin wannan manhaja mai suna WannaCry ta afka wa ƙasashe kimanin 150, har ta tsayar da aiki a wasu asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ta bi ta shiga tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha kashi. Maganin shi ne sabunta manhaja da ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Sauran haɗarin na cikin gida ne. Kalmar sirri ɗaya da kowane yaron shago ya sani ta tashi daga sirri, kuma wajibi ne a canza ta ranar da wani ya bar aiki.

Bayanan abokan ciniki amana ne, yanzu kuma doka ta shigo ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta hana karɓar bayanan mutum ba tare da halastaccen dalili ba, ko amfani da su a kan abin da ba don shi aka karɓa ba. Kwafin katin NIN da ake jibgewa a shagunan buga takardu, wani lokaci har a ƙunshe ƙosai da shi, yana cikin abin da take nufi. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar ƙaramar sana'a tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekara, duk wanda ya fi yawa.