Daga Laso Zuwa Fila: Da Me Ake Cike Giɓi?



Kwanan baya na je gida Roni, sai ɗan wana, wanda yake karatu a Kazaure, ya fito mini da wani ɗan zaure na roba, tsayinsa bai kai taƙi ba. Har da zankwaye. Na'urar nan mai bugun 3D ce ta fitar masa da shi, wadda take narka zaren roba tana jera shi layi bisa layi, kowane layi kaurinsa kamar milimita 0.2, har siffa ta tashi. Gida biyu ta buga shi, shi kuma ya manna. To a wurin haɗin sai ga giɓi, siriri, amma ido yana kai wa gare shi kafin komai. Ya ce, "Baffa, da me zan cike nan?"

Da me zan cike nan. Wallahi tambayar ta mayar da ni wajen magina na dā.

Ku tsaya ku ji yadda suke haɗa laso. Katsi ake samowa, wato dattin da yake kwantawa a gindin rijiyar marina bayan an daɗe ana rini da baba. A kwashe shi, a shanya, a ƙona, a daka ya zama gari. Sai a kawo gashin dabba daga majema a zuba. Sannan a jiƙa dafara, a kwaɓa da ruwanta mai yauƙi. Kowanne da aikinsa: katsi shi ne jiki, gashi yana riƙe shi kada ya tsage idan ya bushe, yauƙin dafara yana sa ya kama. Da wannan ake shafe rijiyar marina ta riƙe ruwa shekara da shekaru, irin na Ƙofar Mata a Kano, da shi kuma ake shafe rufin soro. Abin da marini ya zubar da abin da majemi ya kankare, su ne magini ya mayar maganin damina. Ni dai wannan hikima ba ta taɓa daina ba ni mamaki ba. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ga makuba, daga ɓawon ɗorawa.

Da siminti ya zo, mutane suka ce ai ya fi ƙarfi, suka yi ta yaɓa shi a katangar ƙasa. Kun ga abin da ya biyo baya a garuruwanmu, daga Gwiwa har Ɓaɓura. Damina biyu, uku, sai ka ji bango yana amsa kuwwa idan ka ƙwanƙwasa, daga nan ya ɓamɓare faifai guda. Ƙasa tana shan laima tana kumbura, tana bushewa tana komawa, siminti kuwa ba ya bin ta. Ya fi ƙarfi, e, amma bai dace da jikin ba.

Abin da na faɗa wa yaron ke nan. Kada ka tambayi wanne ya fi ƙarfi. Tambayi wanne ya dace da jikin.

Abin da hannu ya fi saurin kai wa shi ne sufa gulu, a barbaɗa masa bakin soda, ya daskare nan take. Ina da ja a kansa. Yakan fi robar tauri, saboda haka idan ka sa samfefa, robar gefe ce za ta cinye, cikon ya tsaya kamar tabo. Ga tsaga ƙarama ba laifi, ban da babban giɓi.

Akwai ciko na cikin bututu, irin Tamiya Putty na Japan. Shi bushewa yake yi, ruwan sinadarin cikinsa ya tashi, don haka yana motsewa. Ka cika rami da shi yau, gobe ka tarar ya lotsa. Na shafe ƙarzuwa ne da layukan bugu, a shafa siriri, a jira, a ƙara.

Wanda na fi yarda da shi ga giɓi mai zurfi shi ne mai gida biyu, kamar Milliput, da ake yi a yankin Wales na Birtaniya. Ka yanko daidai wa daida, ka murza har launi ya zama ɗaya, ka cusa, ka lallashe shi da jiƙaƙƙen yatsa. Cikin awa uku zuwa huɗu ya taurare, kuma ba ya motsewa. Matsalarsa samu, sai an yi oda.

Wanda yake kusa da mu shi ne fila ta masu gyaran jikin mota, ga ta nan a garejin Kazaure. Tana da sauƙin kuɗi, tana cin samfefa lafiya lau. Sai dai cikin mintuna take kamawa, kuma tana ɗaukar zafi lokacin da take daskarewa. Robar PLA, wadda aka fi bugu da ita, tana fara laushi tun wajen digiri 60. Don haka a kwaɓa kaɗan kaɗan, kuma kada a ce za a shanya a kan kwanon rufi ko cikin mota a watan Afrilu.

 Ɗalibai da masu sana'a, don Allah ku fara gwada cikon a kan guntun da ya lalace kafin ku taɓa aikin gaske, ku yi a waje inda iska take, ku rufe hanci idan za ku goga. Wanda kuma yake da tsohon magini a gidansu, ya je ya zauna da shi ya rubuta yadda ake haɗa laso tun yana da rai.

Mu kwana lafiya.