Tabon Baya da Alƙalamin Marubutan Labaran Kisa

A shekarar 1958 aka tsinci gawar mahaifiyar James Ellroy a garin El Monte na jihar Kaliforniya, an shaƙe ta, lokacin yana ɗan shekara 10, kuma har yau ba a gano wanda ya kashe ta ba. Masu sharhi kan tsaya nan su ce ga mafarin marubucin, amma a ganina sun yi gaggawa. Bayan rasuwar ne mahaifinsa ya ba shi littafin Jack Webb mai suna The Badge, inda ya ci karo da labarin Elizabeth Short, wadda aka yi wa kisan gilla a Los Angeles a 1947. Yaron ya ɗauki jimamin uwarsa ya ɗora a kan wannan baƙuwar mace, ya yi ta dakonsa har ya fitar da The Black Dahlia a 1987. Masifa ba ta koya masa rubutu ba, abin karantawa ta zaɓa masa.

Haka batun Chester Himes yake, marubuci baƙar fatan Amurka da aka ɗaure a Ohio a 1928 saboda fashi da makami. A kurkuku ya riƙa karanta labaran Dashiell Hammett, kuma ba banza suka shige shi ba: Hammett ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton, ya san yadda masu kuɗi ke hayar 'yan daba, shi ya sa a littafinsa Red Harvest na 1929 garin ne gaba ɗaya ya ruɓe. Wanda ya ɗanɗana zaman kaso ba zai gamsu da labarin da gaskiya ke yin halinta a shafin ƙarshe ba. Ellroy ma Hammett ya fifita a kan takwaransa marubuci Raymond Chandler.

Wani zai ce to Agatha Christie fa, wadda ta tashi cikin gata? Gaskiya ne, kuma dubban fursunoni sun fito ba su rubuta ko layi ɗaya ba. Sai dai a dubi irin labarin da ta rubuta. Sanin guba ta samo shi ne a ɗakin haɗa magunguna lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma kisa a wurinta wasa ƙwaƙwalwa ne: Poirot, mai bincike a labaranta, ya tara mutane a falo, ya nuna mai laifi, gida ya koma daidai. Ellroy kuwa ya ɗauki tsohon ɗan sanda suka sake bin sawun kisan uwarsa, ya rubuta My Dark Places a 1996, littafin ya ƙare ba a kama kowa ba.